Kawuna a Kan Ciyawar Roba

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, bai taɓa buga ƙwallo da takalmi ba sai da furfura ta kama masa gemu. Ba don rashi ba ne, domin takalma ma yake sayarwa, irin na robar nan da mutanen Abidjan ke kira leke, kuma rumfarsa a kasuwar Adjamé in ka shiga sai ka sunkuya saboda kaya a rataye. Ra'ayi ne kawai. Yakan ce ƙafa da ƙasa hirarsu suke yi, takalmi kuwa tafinta ne, shi kuma bai taɓa ganin tafintan da ba ya ƙara gishiri ba. Da ni yake, don ni ne tafintansa duk inda ake bukatar Faransanci mai guga. Shi daga ƙasar Gobir ya zo yana saurayi, a bayan motar albasa. Ni kuwa a unguwar Saint-Michel aka haife ni, na yi boko har na zama malamin Faransanci, Hausata ta bakin murhu ce, wadda Kawu ke cewa tana tafiya sanye da wando.

Kowace Lahadi da hantsi muna buga marakana. Wasa ne na mutum shida-shida, babu mai tsaron gida, ragar ƙarama ce kamar akurkin kaji, kuma ba a ci sai an kai ƙwallo har bakinta. An ƙirƙire shi, a ganina, domin mutanen da ke son ƙwallo amma huhunsu ya daina ba su goyon baya. Filinmu yana bayan unguwar Bracodi, tsakanin wani garejin gyaran gbaka, wato ƙananan motocin haya, da bangon wata makaranta. Jar ƙasa ce mai tudu da kwari, da saiwar mangwaro a kusurwa ɗaya, da wata 'yar hanya da ruwan wankin maƙwabta ya haƙa wa kansa. Baƙo in ya zo sai ya sha mamakin yadda ƙwallo ke canza shawara a tsakiyar tafiya. Kawu kuwa shi ne a tsakiya, mai raba ƙwallo, ya san kowane rami kamar shi ya haƙa.

Ƙungiyar ta tara mutane iri-iri: 'yan kasuwa 'yan Nijar, da teloli 'yan ƙabilar Jula, da irina 'yan boko haifaffun gari. Kaftin ɗinmu wani ɗan ƙabilar Bawule ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, mutumin kirki mai son doka kamar yadda wasu ke son nama. A ƙungiyarmu ba a korar kowa, mun fi ƙarfin wannan rashin ladabi. In gwiwar mutum ta gaza, ko numfashinsa ya fara kukan ƙofa, sai a naɗa shi shugaban girmamawa. A ɗinka masa babbar riga, a karanta masa jawabi, a zaunar da shi kan kujerar roba a inuwa, a miƙa masa agogunan 'yan wasa da wayoyinsu ya riƙe. Daga ranar ya gama taka fili. Muna da irin waɗannan shugabanni da dama, suna zaune a jere kamar majalisa, suna ba da shawarar da ba mai ji. Ni ke rubuta jawaban. Na binne mutane da ransu cikin jimloli masu kyau, kuma ana yaba mini.

Wata damina Kawu ya ce in raka shi asibitin ido. Likitan ya duba, ya sake dubawa, ya ce hawan jinin ido ne. Idon hagu yana rufewa daga gefe, kamar ƙofar da ake turawa a hankali, abin da ya tafi ba ya dawowa, amma da maganin ɗigawa za a tsare na dama. Na fassara masa daidai, ko ƙwayar gishiri ban ƙara ba. Da muka hango kasuwa daga cikin gbaka sai ya juyo gare ni. Na zaci zai yi zancen rumfa, ko na iyali. Sai ya dafa gwiwata ya ce, "Ɗan nan, kada 'yan Lahadi su ji." Kujerar nan yake tsoro. Mutum ne da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watsu, kwana shida yana zaune a rumfa yana ciniki, rana ɗaya tak yake da ita ta gudu da zagi da dariya.

Kuma lallai ba su ji ba, shekara da shekaru, domin filin Bracodi ya rufa masa asiri. Busasshiyar ƙasa ba ta iya shiru. Duk wanda ya taho ta hagunsa sai tsakuwa ta yi ƙara, leke ya yi ƙas-ƙas, ƙura ta riga shi isowa. Tafin ƙafarsa yana gaya masa inda yake a fili ba sai ya ɗaga kai ba: in ya ji ƙasa ta yi laushi ya san ya kusa hanyar ruwan wanki, in ya ji gangara ya san raga tana bayansa. Yakan juya tun kafin a iso shi, mutane su ce dattijon nan yana da ido a ƙeya. Ni da na san adadin idanun da yake da su sai in yi shiru in tafa tare da kowa.

Sai wata Lahadi muka tarar da tulin bulo a tsakiyar filin, da wani mutum mai takardu yana auna ƙasa. Shaguna za a gina. A Adjamé duk inda ƙasa ta yi numfashi sai an ɗora mata shago. Muka yi makonni muna yawo kamar 'yan gudun hijira, har Kaftin ya samo mana wuri a unguwar Treichville, ba nisa da babban masallaci. Wani mai hali ne ya kewaye filinsa da waya, ya shimfiɗa abin da a lokacin kowa ke magana a kai, ciyawar roba, wadda ake kira sintetik.

Ranar farko ba zan manta da ita ba. Muka ƙetare gada a cikin tasi, muka shiga ta wata ƙaramar ƙofa, sai ga kore shar, lafiyayye, da fararen layuka kamar an ja da rula. 'Yan Nijar ɗinmu suka tsaya a baki, suka dubi juna, sannan ba tare da shawara ba kowa ya sunkuya ya cire takalminsa ya jera a gefe. Darduma suka gani, kuma ɗan Musulmi ba ya hawa darduma da takalmi. Wani ma har ya yi bisimilla ya sa ƙafar dama. Mai kula da wurin ya taho da sauri yana cewa a nan doka ita ce ba a shiga ba takalmi, ba a shiga da mai ƙusa, ba a tofar da goro. Kawu ya sa na tambaye shi ko a garinsu da takalmi ake hawa shimfiɗa. Mutumin ya ce in an ƙara awa ɗaya rana ta ɗaga, Kawu zai ba kansa amsa. Gaskiyarsa ne. Kafin azahar robar nan ta ɗauki zafi kamar kaskon tuya, tana warin tsohuwar taya, har ta cikin takalmi kana ji. Wani dattijo cikin shugabanninmu ya tambaya, da gaske yake, in ruwa ya yanke a ina mutum zai yi taimama a wannan wuri.

An sha muhawara a kan filin nan, kowa da inda yake masa ciwo. Masu sauran ƙuruciya sun so shi, sun ce yanzu ne suka san suna buga ƙwallo, har tsayuwarsu ta canza, suna riƙe ƙugu kamar ana ɗaukarsu a talabijin. Teloli sun ce ƙwallo ta cika sauri, ba ta jiran mutum. Masu ƙiba sun ce a ƙasa in ka taka burki ƙafa takan ɗan zame ta sauƙaƙa wa gwiwa, a nan kuwa ƙafa tana tsayawa cak, gwiwa ta ci gaba da tafiya ita kaɗai, ranar Litinin sai sallah a zaune. Akwai wasu baƙaƙen ƙwayoyin roba da aka barbaɗa a cikin ciyawar, suna bin mutum gida cikin safa, ka same su a gado, ka same su a tabarmar masallaci. Matan aure ne kaɗai suka yaba ba tare da sharaɗi ba, don wankin jar ƙasa ya ƙare. Ni abin da na lura da shi, filin ya kashe mana uzuri. A Bracodi in ka zubar da ƙwallo sai ka harari ƙasa, kowa ya fahimce ka. A nan ƙwallo tana zuwa inda aka aike ta, kuma yawancinmu sai muka gano cewa tun da daɗewa ba mu iya aike ba.

Kawu ya ɗauko leke daga rumfarsa, ya sa da safa, yana tafiya kamar wanda aka ɗaura wa kwano a ƙafa. Takalmin ya saba da shi a hankali. Abin da bai saba da shi ba shi ne shirun. A hanyar komawa gida ya ce mini ciyawar nan bebiya ce. Mutum zai taho da gudu ba ka ji komai ba, kuma duk inda ka taka iri ɗaya ne, tsakiya da gefe, kamar kana tafiya a mafarki. Ya faɗi haka yana kallon ruwan da ke ƙarƙashin gada, da idon da ya rage masa.

Wanda ya fi cin ribar shirun shi ne wani Bazabarme mai sayar da albasa, siriri, sa'an Kawu, wanda kullum in an raba mu biyu a ɓangaren hamayya yake. Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa, ba a fushi. A wajen fili bakin mutumin nan ba ya hutawa, amma da an busa usur sai ya zama kyanwa. Shekaru yana farautar Kawu a Bracodi tsakuwa tana tona masa asiri. A Treichville kuwa sai ya riƙa zuwa ta hagu yana ɗauke ƙwallo kamar mai ɗaukar kayansa da ya ba da ajiya. Kawu ya tsaya yana waige. Mutane suka fara cewa tsufa, a hankali, da tausayi, wanda shi ne mafi munin yadda ake faɗinsa.

Wata Lahadi suka yi karo. Kawu ya juya hagu da ƙwallo, bai san da mutum a wurin ba, suka haɗu ƙirji da kafaɗa, Kawu ya faɗi ya zame. Faɗuwa a ƙasa ƙurjewa ce, a wanke a sa toka. Faɗuwa a roba ƙuna ce, fatar cinyarsa ta saɓule ta yi ja kamar an ɗora dutsen guga. Ya tashi yana dariya yana cewa ba komai. Amma bayan wasa Kaftin ya ja ni gefe, ya yi gyaran murya, ya ce lokaci ya yi da ƙungiya za ta nuna wa dattijo godiyarta, in fara shirya jawabi, tela ma ya riga ya auna shi da ido. Na ce masa Faransanci mai kyau ba ya nuna da wuri, a ba ni lokaci. Ya yarda, don yana girmama adabi. Na yi ta jan ƙafa, duk Lahadi in ce saura kammalawa.

Ana cikin haka sai Bazabarmen ya canza hali. Ya fara magana a fili. In ya taho wajen Kawu sai ka ji ya ɗaga murya tun daga nesa, "Bagobiri, bawana, ga ubangidanka nan tafe, ajiye mini ƙwallo!" Kowa ya yi dariya, Kawu ya rama, ya juya ya kauce, ƙwallo ta wuce. Wasan Kawu ya farfaɗo, har Kaftin ya daina tambayata jawabi. Ni na lura da abu ɗaya tun ranar farko, na kuma yi fatan Kawu ba zai lura ba: in mutumin ya taho ta dama, shiru yake zuwa kamar da. Amma wanda ya yi shekaru yana wasa da kunne ba a ɓoye masa irin wannan. Ya tambaye ni ko na yi magana, na rantse ban yi ba, ya dube ni ya ga ba ni da ƙarfin halin yi masa ƙarya.

Bayan wasa mukan zauna wajen wani mai garba a bayan masallaci, mu ci garbar, wato dambun rogon nan acake da soyayyen kifi, kafin a kira azahar. Ranar nan Kawu ya jira sauran suka tashi wanke hannu, muka rage mu uku a benci.

"Kai Bazabarme," in ji Kawu, "tun yaushe ka koyi sallama?"

"Tun da na ga bawana ya fara tsorata."

"Ta dama ba ka yi."

Bazabarmen ya ci gaba da cire ƙaya daga kifinsa, sannan ya ce, "Ta dama kana ganina."

Kawu ya ture kwanonsa. Ya ce ashe sadaka ake ba shi a fili, shi da bai taɓa miƙa hannu ba tun da ya sauka daga motar albasa. Bazabarmen ya ce ba sadaka ba ce, son kai ne. In suka ɗora Bagobiri a kujera, shi wa zai zaga? Bawulen nan? In ya kira shi bawa sai ya kai shi kotu da takarda. Ya ce ranar karon nan ya ga idon da kyau, ya ga Kawu bai ko ƙifta ba, kuma bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Na zaci Kawu zai yi dariya, don maganar kotun ta ba ni dariya. Bai yi ba. Ya ce, "Ƙwallon da aka bar mini ba tawa ba ce." Ya tashi ya tafi alwala.

Duk makon ban gan shi ba. Na je rumfa sau biyu, yaransa na shago suka ce ya fita. Na ɗauka ya yanke shawarar daina zuwa gaba ɗaya, ya huta da riga da jawabi, kuma na fara tunanin yadda Lahadinsa za ta kasance, shi kaɗai a ɗaki da rediyo.

Amma ran Lahadi na tarar ya riga kowa zuwa, yana zaune a bakin fili yana ɗaure leke. Da aka taru, kafin a raba riguna, ya miƙe ya ce yana da magana. Na matso don in fassara, ya ɗaga mini hannu. Da Faransancinsa na kasuwa ya yi ta, wanda ba ruwansa da namiji da mace, yana cike giɓi da Julanci. Ya ce idonsa na hagu ya mutu tun muna Bracodi, ƙasa ce ta riƙa yi masa gani, wannan darduma kuwa ba ta yi. Ya ce ya san ana ɗinka masa riga. Ya ce yana roƙon abu biyu. Na farko a cire shi daga tsakiya a mayar da shi gefen hagu, jikin waya, inda ba mai zuwa masa ta wannan ɓangare sai in mutum zai ratso ƙarfe. Na biyu, Bazabarme ya rufe bakinsa. In an ga ya zama kaya a wuyan ƙungiya, shi da kansa zai ɗauko kujerar daga gida.

Waɗanda suka fara ƙin yarda su ne shugabannin girmamawa, ɗaya ya ce doka doka ce, su ma ai ba da son ransu suka zauna ba, kuma na ga alama suna bukatar sabon abokin hira. Tela ya ce an riga an yanka yadi. Kaftin ya yi ta murza haɓa, sannan ya ce ya bincika a kansa, babu inda dokar ƙungiya ta ƙayyade yawan idanun ɗan wasa. Ya ce a ɗaga hannu. Bazabarmen ne ya fara ɗagawa, yana cewa shi dai yana so a bar masa bawansa a fili ya ci gaba da wulaƙanta shi. Hannuwa suka biyo, har da na mai maganar taimama.

Kada a ɗauka wani abin al'ajabi ya faru. Gefen hagu a marakana wurin zaman marayu ne, ƙwallo ba ta cika zuwa ba, kuma mutumin da ya saba kowace ƙwallo ta bi ta ƙafarsa yanzu sai ya ɗaga hannu yana kira. Ya riƙa gudu kafaɗarsa tana gogar waya, rigunansa duk suka yage ta wannan gefe. Bai taɓa son filin ba, har ƙarshe yana cewa an shimfiɗa shi ne don masu kallo. Amma ya ci gaba da bugawa a kansa har lokacin rikicin bayan zaɓe, da ƙetare gada ya zama abin da mutum ba ya yi don ƙwallo.

A Lahadinsa ta farko a gefen hagu, ƙwallo ta zo masa ana dab da tashi. Ya tare ta, ya juya bayansa ga waya, duk filin ya shimfiɗu a gaban idonsa na dama. Bazabarmen ya taho ta gaba, ido da ido, bakinsa a rufe. Kawu ya yi masa yaudarar da ya saba, ya karkata dama zai bi hagu. Bazabarmen bai ci ba, ya zare ƙwallon daga ƙafarsa, ya wuce mutum biyu, ya kai ta har raga. Kawu ya tsaya riƙe da waya yana haki, ya zage shi, ya zagi albasarsa, ya haɗa da kakanninsa har zuwa bakin kogin Kwara. A wajen mai garba ya ci kwano biyu. Da muka hau gada a hanyar Adjamé ya ce mini Lahadi mai zuwa in zo da wuri, kuma in daina tsayawa kamar malami a gaban allo, in riƙa ba shi ƙwallo.